Gam Ɗin Kabad a Ruwan Gishiri

Sabo kafinta ne a unguwar Harra ta Yamma a birnin Madina, kuma duk unguwar an san hannunsa. In ya haɗa kabad ko ƙofa, sai ka shafa har ka gaji ba ka ji kan ƙusa ba. Sassaƙa katako yake ya zura shi cikin ɗan'uwansa, ya shafa farin gam, ya matse. A gari busasshe irin Madina, aikin nan yakan yi shekaru ko ƙara bai yi ba.

Ɗan ƙanwarsa, Haisam, direba ne, yana jan babbar bas ta masu Umara tsakanin Madina da Makka. Da tuƙin nan yake riƙe da mahaifiyarsa Kaltume tun rasuwar mahaifinsa. Ranakun hutu kuwa sai ya gangara Yanbu, bakin teku, ya yi nutso yana harbin kifi da bindigar roba, irin wadda ake ɗana wa mashin ƙarfe.

Wata rana bayan La'asar ya shigo shagon da hoto a waya.

"Ya Kawu, irin wannan nake so, ta katako. Amma shuf, dubi mariƙin. Noti biyu ne suka ratsa shi, na ƙarfen da ba ya tsatsa."

Sabo ya gyara tabarau ya duba, ya yi tsaki. "Noti? Sai ka ce ƙofar gareji! In ɓata katako mai kyau haka da ƙarfe?"

"Wallahi Kawu, bahar daban ne. Ruwan teku ba ya barin gam."

"Kai direba, tsaya a sitiyarinka. Akwai ƙofar da na haɗa a Ƙiblatain tun kana rarrafe. Je ka girgiza ta, ka dawo ka ba ni labari."

Haisam ya yi dariya ya ce, "Halas, kai ne usta, mai sana'ar." Ba ya iya musu da mutumin da ya tsaya masa a matsayin uba.

Bindiga ta fito gwanin sha'awa, sumul, tana ƙyalli. Sabo ya ɗaure ta a jikin teburin aiki, ya kama mariƙin ya ja da dukkan ƙarfinsa, ko gezau. A nan gwajinsa ya tsaya. Bai taɓa tsoma ta a ruwa ba, balle ruwan gishiri.

Haisam ya yi ta zuwa teku da ita, yana dawo wa Kawu da kifi a cikin ƙanƙara. Da ya fara hango manyan kifaye, sai ya ƙara roba ta uku don mashin ya yi nisa. Ba a daɗe ba ya dawo da ita shago.

"Kawu, mariƙin yana ɗan motsi. Kuma wani farin abu yana tsattsafowa ta gefe."

Sabo ya san abin da ya kamata: a huda, a sa ƙarfe. Ya ma ɗauki injin huji, ya dubi kyan katakon, ya ajiye. Sai ya matsa sabon gam a tsagar, ya matse, ya ce a dawo jibi.

Ranar Asabar yana tsaka da gogar katako waya ta yi ƙara. Abdou ne, abokin nutson Haisam.

"Baba Sabo, ku taho Yanbu. Muna asibiti."

A can Abdou ya ba shi labari. Haisam ya saita wani babban kifi, ya danna kunama. Maimakon mariƙi ya tare ƙarfin roba ukun nan, sai ya ɓalle ya zauna a hannunsa, gangar jikin bindigar ta dawo baya da gudu, ta fasa gilashin fuskarsa ta shige idon hagu. Da kyar Abdou ya fito da shi saman ruwa.

Ya miƙa wa Sabo mariƙin. Sabo ya sa ɗan yatsa a wurin haɗin. Gam ɗin ya jiƙe ya yi laushi kamar ƙullun gari.

Likitoci sun ceci ransa, ba su ceci idon ba. Kaltume ba ta ɗaga wa yayanta murya ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Yaya, ya faɗa maka, ko?"

Kamfani ya karɓi makullin bas, domin ba za su damƙa rayukan masu Umara a hannun mai ido ɗaya ba. Yanzu Sabo ne yake rufe shago ya kai Haisam wurin likita a tsohuwar motarsa. Saurayin yakan zauna a gefe, ɓarin fuskar da ya mutu yana kallon kawunsa. Ran nan wata bas cike da mutane cikin harami ta wuce su. Haisam ya juya kai gaba ɗaya ya bi ta da idon da ya rage har ta ɓace.

"Ka yafe mini, ɗana," in ji Sabo.

"Na yafe tun a asibiti, Kawu. Ni ma ai na ƙara roba." Ya nisa. "Sai dai ban iya komai ba sai tuƙi."

Sabo ya faka a gefen titi, don hawaye sun hana shi ganin hanya.

'Yan'uwa masu karatu, abin da zai riƙe ƙarfin roba a gaban fuskar mutum ba a barin sa ga gam kaɗai. A ratsa mariƙi da ƙarfen da ba ya tsatsa, kada a ɗora masa robar da ta fi ƙarfinsa, kuma ranar da ya fara motsi a ajiye shi. Gwanintar mutum a sana'arsa ba ta ba shi izinin yin gwaji da idon wani ba.