Ragowar Malam Tanimu

Tun da aka kawo bututun nan da ake dasa wa mutum a ciki, babu mai mutuwa da yunwa a Zariya. Sai dai wanda aka dasa wa, shi da marmarin abinci har abada, kuma ba a cirewa.

Ciwon dajin baki ya hana Malam Tanimu haɗiya. Ranar da likita ya ce in ba bututu sai a dakatar da magani, matarsa Tabawa ta dama kunu ruwa-ruwa, ta durƙusa gabansa.

"Malam, don girman Allah ka yarda. Dubi yadda ka koma ƙashi da rai."

Ya yi magana da ƙyar, yana dafe da muƙamuƙi. "Kin ga maƙwabcinmu Ɗanlami tun da aka dasa masa? Jiya matarsa ta wuce ta gabansa da miyar kuka, ko waiwayowa bai yi ba."

"Amma ai yana raye!"

"Wa zai riƙa rage miki abinci?"

Tun aurensu bai taɓa cinye abincinsa ba. Kullum sai ya bar mata ragowa, ita kuwa ba ta jin ta ƙoshi sai ta ci ragowar nan.

Ya kai ludayi baki. Kunun ya dawo ta gefen leɓe, da jini-jini. Ya sake gwadawa, hawaye na zuba. Sannan ya tura mata ƙwaryar, a cike.

"Ga ragowarki. Shanye mu tafi asibitin."

Tabawa ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, don kada ta ga gindin ƙwaryar.