Gishirin Keana

Jafaru ya tsaya a bakin shagon Mutmainna, wadda yake nema da aure, ya kasa shiga. Ita kuwa tana liƙe ledojin gishirin garin Keana, wanda take zuba wa sinadarin aidin kafin ya fita kasuwa.

"Baba ya samo miki aikin koyarwa," ya ce, yana miƙo takarda. "Ya ce mai digirin bayoloji ba za ta shigo gidansa tana tallar gishiri ba."

Ba ta karɓa ba. Ta daɗe tana dubansa.

"Shekara huɗu na yi a ɗakin gwaji, na ƙara biyu ina karantar kasuwanci. Mata talatin ke dafa gishirin nan, ni suke jira duk Litinin. Kai me ka ce masa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta koma kan aikinta.

Can ya ninke takardar, ya shigo ya ɗora hannu kan buhun gishiri ɗaya.

"Yau zan koma wajen Baba. Ki ajiye mini wannan, shi za mu kawo gidanku cikin kayan sa rana."