Shari'ar Da Gara Ta Cinye

A ofishin kotu, taga ta uku ce ta tura shi taga ta ɗaya, wadda da ma ita ta fara tura shi ta uku. Dattijon ya gyara zaman hularsa, ya koma layi bai ɗaga murya ba.

Akawun taga ta ɗaya yana tsakiyar wani muhimmin aiki na yanke farce. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Baba, ai yanzu komai ya koma intanet. Kana kwance a ɗakinka za ka duba."

Dattijon ya riga ya duba. Jiya a shagon mai kwamfuta ya wuni. Shafin kotun kam ya yi kyau, cike da hotunan manya suna murmushi suna buɗe sabon gini. Wajen neman shari'a kuwa, da an rubuta suna sai wani ɗan zobe ya kama juyawa. Har aka ɗauke wuta yana juyawa.

"Ɗana, taimaka min," in ji shi, ya tura guntuwar takarda mai ɗauke da suna da shekara. "Kwamitin gidan marayun unguwarmu zai damƙa wa wannan mutum makullan ɗakin abincin yara. Ana ta raɗe-raɗin an taɓa ɗaure shi a nan kan ya sayar da kayan agaji. Dole a san gaskiya kafin zaman gobe."

Akawun ya ajiye reza. Shi ma yana da zuciya, kodayake ba kullum yake zuwa da ita ofis ba. Ya ce irinsu Baba sun yi ƙaranci a duniya, ya haɗa shi da masinja zuwa ɗakin ajiya. Sunan Baban kansa bai tambaya ba, don wannan aikin taga ta biyu ne, ita kuma tana rufe.

Masinjan ya nufi doguwar hanya, dattijon ya ce ta baya ta fi kusa. Suka bi wani siririn lungu mai ƙofar ƙarfe, inda ake tsare masu jiran alƙali. Wani tsohon gandiroba da ke kan benci ya bi su da kallo, yana sosa gemu. Daidai nan tari ya sarƙe dattijon, ya rufe fuska da hankici har suka wuce.

Mai kula da ɗakin ajiya Hajiya Gobe ake ce mata, kuma ba a banza ta samu sunan ba. Ta buɗe baki za ta faɗi kalmar tata, masinja ya raɗa mata zancen marayu. Ta ja tsaki, ta ture kwanon abincinta, ta ɗaura gyale a ƙugu. Abin da ba a taɓa gani ba, yau Hajiya za ta yi aiki.

Ɗakin ya amsa sunansa, an ajiye komai, har da ruwan saman bara. Fayiloli sun taru tun daga ƙasa har silin, ɗaure da igiya, an jera su bisa wani tsari da wanda ya ƙirƙiro shi ya tafi da sirrinsa kabari.

"A wane wata aka yanke hukuncin, Baba?"

"Ƙarshen damina. Ranar Talata. Kotun da ke sama, alƙalin mai ɗingishi."

"Kai, Baba, Allah ya bar maka ƙwaƙwalwa!"

Ta hau kujera ta fara sauko da ɗauri-ɗauri. Na shekarar da ta gabaci wadda ake nema ya fito lafiya lau. Na wadda ta biyo baya ma haka. Dattijon ya daina jan carbi. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula, duk da sanyin ɗakin.

"Ga shi nan!" in ji Hajiya, ta jawo wani ɗauri daga can kusurwa.

Ta kwance igiya, bangon fayil ɗin ya buɗe, sai ƙasa ta zubo mata a ƙafa. Gara ta riga kowa karanta shari'un shekarar, ta kuma yi musu ɗaukaka ƙara irin tata. Abin da ya saura bai wuce ƙusoshin maƙale takarda ba.

Dattijon ya zauna a kan tarin fayiloli, ya daɗe yana motsa leɓe. Hajiya ta ji tausayinsa har ta ba shi ruwa.

"Babu kwafi a wani wuri?" ya tambaya. "Ki tabbata, 'yata. Ko ɗaya?"

"An ce za a sa su a kwamfuta, sai aka yi bikin buɗe shafin, shi ke nan."

Ya roƙa a ba shi ko da 'yar shaida ce, kada kwamiti su ce bai zo ba. Magatakarda da kansa ya rubuta cewa an yi cikakken bincike, ba a samu wata shari'a mai wannan suna ba. Zancen gara bai shiga ba, saboda martabar ofis. Ya buga hatimi har biyu, ya raka dattijon bakin ƙofa yana ba shi haƙuri.

Washegari kwamiti ya cika, makullai na kan tebur. Dattijon ya shigo a natse, ya gaisa da kowa hannu da hannu, ya shimfiɗa takardar a gabansu, ya lallashe ta da tafin hannu.

"To, jama'a, ga ta nan daga kotu," in ji shi. "Yanzu wa ya ce an taɓa ɗaure ni?"