Hannun Ilu

Wa ya gaya wa sauro cewa mutane sun koma birni? Sallau bai sani ba. Ya dai san tunda aka kafa turakun nan masu gunji a gonaki, sauro ya bar ƙauye ya cika birni, har da rana tsaka yake cizo.

Daga birni ya je shingen bakin gari, wanda ya hana 'yan birni shiga ƙauye, tare da 'yarsa Hansai karɓar gero wurin ƙanensa Ilu, wanda ya taɓa yi wa dariya don ya zauna noma. Ilu ya naɗe hannun riga, fatarsa sumul, ko tabo babu.

"Yaya, har yanzu kana magana kana marin wuyanka?" in ji Ilu. "Ba ni Hansai. Yara kaɗai ake bari su tsallako. Nawa a tsakar gida suke kwana."

"Na gaya maka bara, 'yata ba za ta ci tuwon gidanka ba."

Hansai, da zazzaɓi ya ramar, tana shafa hannun Ilu kamar sabon yadi. Sallau ya ji kamar ya yakushe fatar nan.

"Baffa za ta ce maka, ba Baba ba," ya ce. Sannan ya ɗaga ta, ya miƙa ta saman shingen.