Mai Lamba Talatin a Raga

Ku yaran yanzu, da zarar an ɗan yabe ku sai ku daina duban fuskar mutane. To, ku ji na Garrett Holowaty.

A garinmu, can lardin Saskatchewan na Kanada, babu wanda ya kai shi tsaron raga a hokin ƙanƙara, wasan da ake buga faifan roba da sanda ana sulɓi a kan ƙanƙara. Da gwiwarsa ta lalace, sai ya koma koyar da manya 'yan koyo kowace Asabar: direbobi, manoma, matan aure. Ba ya karanta takardar sunaye, lambar riga yake kira. Mutumin da shekara bakwai ko wayar gidansu ba ya ɗauka, ina ruwansa da sunan ɗalibi?

Darasinsa ɗaya ne: ka fito taki biyu daga bakin raga, ka saita ƙirjinka da faifan roba, ba da mai bugawa ba. Wanda ya kasa, kora.

Mai lamba talatin ta kasa. Kullum a shirye take zuwa, cikin sulke da hular kwano mai ragar ƙarfe, ta nufi ragar can ƙarshe ba ta tanka wa kowa. Faifai yana dama, ita tana hagu, ƙirjinta na bin Garrett duk inda ya zame.

Ya daka mata tsawa: "Talatin! Ni ne faifan? Ko miji kika zo nema?"

Aka kwashe da dariya.

"Buhun dankali ya fi ki motsi. Asabar mai zuwa in kin maimaita, kada in ƙara ganinki."

Babu abin da take tsoro kamar korar nan. Kwana shida ta yi tana gwada takin a ɗakin girkinta.

Kowa ya san ba a ɗaga wa ɗan koyo faifai sama da ƙugu. Ran Asabar Garrett ya ce, "Yau zan koya miki inda ake kallo." Ta fito taki biyu cif. Amma sai ta ɗaga haɓa tana duban fuskarsa. Ya ɗaga sanda ya narka wa faifan da duk ƙarfinsa. Faifan ya shige ƙasan hula, ya sami maƙogwaro.

Ta kife a ƙanƙara. Garrett ya sulalo wajenta a hankali yana tsaki. "Tashi, tsohuwa, bar raki." Wani manomi, Orest, ya durƙusa ya kwance mata hular. Sai ga fuskar mahaifiyar Garrett.

Ta ƙara shekara tara a duniya ba ta sake furta kalma ba. Garrett ne ya riƙa ba ta miya da cokali safe da yamma, yana jiran yafiyar da babu muryar faɗarta, daga uwar da ta rasa hanyar ganin ɗanta sai ta bayan ragar ƙarfe.