Fuskar da Ta Ƙi Saituwa

Ƙarfe biyu da rabi Injiniya ya iso da jakar kayan aikinsa, ya tarar da Direba tsugune a gaban sabuwar talabijin, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Da safiyar nan Direba ya dawo daga tafiyar mako uku, ɗauke da talabijin mai faɗin ƙofa da ɗan akwatin da ke jawo bidiyo daga intanet. Uwargida ta fita ɗauko mahaifiyarta. Ƙarfe huɗu za su iso a kalli bidiyon buɗe shagon kwalliyar ƙanwar uwargidan, taron da bai samu halarta ba. Surukar nan ta daɗe tana cewa duk abin da ya sayo na bogi ne, yau kuwa ya yi niyyar rufe mata baki.

Sai ga hoto ya fito dishi-dishi, kowa ya koma ruwan toka kamar an wanke shi da sabulu.

Injiniya ya duba sau ɗaya ya yi murmushi. "Maigida, kwantar da hankalinka. Akwatin yana aiko tsarin hasken hoto na HDR irin wanda talabijin ɗinka ba ta ganewa. Kowa da yarensa."

Ya shiga saitin akwatin ya canza tsarin, ya zare wayar daga ramin farko ya mayar na uku. Nan take hoto ya farka. Balan-balan suka yi ja, kwalaben turare suka ɗau ƙyalli, har zanen labule ana iya ƙirgawa. Direba ya miƙe zai rungume shi.

Sai kyamara ta juya kan surukar, tana riƙe da almakashi za ta yanke zare. Fuskarta ta fito kalar karas.

Direba ya dafe kai. "Na shiga uku! In Inna ta ga haka, a mota zan koma kwana."

Injiniya ya nannaɗe hannun riga. Ya rage ja, fuskar ba ta motsa ba, amma ƙanwar uwargida ta zama koriya. Ya kashe HDR gaba ɗaya, shago ya dushe, fuskar ta ci gaba da haskawa kamar fitilar motar ɗaukar shara. Ya ciro sabuwar waya daga jaka, ya sabunta manhajar akwatin, ya kashe komai ya ƙirga talatin ya kunna.

Direba ya matso ya sa yatsa a gilashin. "Amma duba, wuyanta daidai yake. Daga haɓa abin ya fara."

"Ai talabijin ta zamani gane fuska take yi," in ji Injiniya, yana share gumi. Bai taɓa jin haka a ko'ina ba, amma shekara goma sha biyar yana aikin nan, ba zai ce bai sani ba.

Ƙarfe huɗu saura biyar ya samu nasara. Fuskar Inna ta dawo irin ta mutane, sai dai sauran jama'ar duk sun koma shuɗaye, kamar taron aljanu. Direba ya ce a mayar yadda take, karas ya sake bayyana.

Injiniya ya jefar da rimot a kujera, ya ɗaga murya. "Maigida, mayar wa masu talabijin ɗin nan da kayansu! Na rantse babu ɗan Adam mai fuska irin wannan a duniya, sai dai in an tsoma shi a fenti!"

Aka yi sallama a bayansu. Suka juya tare.

Inna ce tsaye a bakin ƙofa, ta sha sabuwar hodar shagon 'yarta daga goshi zuwa haɓa, kuma talabijin ba ta ƙara mata komai ba.