Ta Gonar Tabawa Suka Bi

Tun da gonaki da tituna, da wayar shingensu, suka yayyanka dajin gida huɗu, aka kafa doka: kowace kaka a buɗe wa giwaye hanya ta yini guda. Bana hanyar ta faɗo gonar Tabawa, dawarta kuwa ba ta gama nuna ba.

"Inna, ki ce ba ki yarda ba," in ji ɗanta Ɗanlami. "Me za mu ci?"

"Su fa, me za su ci? Cire wayar."

Ya cire. Da hantsi giwaye shida suka iso. Babbar ta tsaya cak inda wayar take a da, ta daɗe tana shinshina ƙasa, sannan ta taka.

Tabawa ta gyara ɗankwalinta, ta dubi maƙwabta.

"Ku shaida, ta gonata suka bi."